Bauchi da Masu Gudun Hijira, Daga 1991 Zuwa Yau

Jihar Bauchi ba ta yi iyaka da kowace ƙasa ba. Jihohi bakwai ne suka kewaye ta: Kano, Jigawa, Yobe, Gombe, Taraba, Filato da Kaduna. Wanda ya tashi daga Wunti a cikin garin Bauchi yana neman shingen jami'an shige da fice, sai ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin ya kai Maigatari ko Gaidam ko bayan Mubi. Amma manyan hanyoyi biyu sun haɗu a garin. Ɗaya ta gangaro daga Jos, tafiyar kilomita 130 ko kusa da haka. Ɗayar ta fito daga Maiduguri, ta ratsa Damaturu da Potiskum da Darazo. Shekara talatin ke nan da ɗoriya, duk sa'ad da wuta ta tashi a ƙarshen ɗaya daga cikin hanyoyin nan, garin Bauchi ne ke wayar gari da mata da yara ɗauke da ƙunshin kaya a ka.

Farkon lamarin a cikin gida ya faru. A watan Afrilun 1991 rikici ya ɓarke a Tafawa Ɓalewa, daga saɓani a kan nama da mahauta, ya zama faɗan ƙabila da addini, ya kuma tsallako cikin garin Bauchi. Ɗaruruwan mutane suka rasu. Musulmi suka baro Tafawa Ɓalewa, Kiristoci suka baro unguwanninsu a Bauchi suka fake a barikin soja da na 'yan sanda. A lokacin babu hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, sai a 1999 aka kafa ta. Akwai hukumar kula da 'yan gudun hijira ta ƙasa, wadda gwamnatin Babangida ta kafa a 1989, sai dai aikinta na waɗanda suka tsallako daga wata ƙasa ne, irin 'yan Laberiya da aka tsugunar a Oru ta Jihar Ogun. Ɗan Nijeriyar da aka ƙona wa gida a cikin Nijeriya ba shi da gurbi a wannan doka. Abin da yake samu shi ne buhun hatsi da bargo da jawabin jaje, daga nan kuma sai abin da dangi suka iya.

Shekara goma bayan haka Jos ta kama. Daga 7 ga Satumban 2001, cikin kusan mako guda, aka kashe mutum wajen 1,000. Waɗanda suka tsira suka biyo hanyar Bauchi, wasu suka tsaya a ƙasar Toro, a Tilden Fulani da Magama Gumau da Nabordo, wasu suka zarce cikin gari. Sai kuma 2004, shekarar da ta fi kowace nauyi a wancan zango. A watan Fabrairu an kashe Kiristoci da dama a Yelwan Shendam, akasarinsu a harabar coci. A ranakun 2 da 3 ga Mayu aka dawo aka yi wa Musulmin garin kisan gilla, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta mamata sun haura 600. Ranar 18 ga Mayu Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a Filato, ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye, ya naɗa Janar Chris Alli a madadinsa. Dubban mutane daga Yelwa da Shendam da Wase da Langtang suka watsu zuwa Nasarawa da Taraba da Bauchi. Gwamnatin Ahmadu Adamu Mu'azu ta sauke su a makarantu da gine-ginen hukuma, daga baya aka ba wasu filaye a bayan gari. Da yawansu ba su sake komawa ba.

Haka aka maimaita a ƙarshen Nuwamban 2008, bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, aka kuma a Janairun 2010, lokacin da aka yi kisan Kuru Karama, sannan na Dogo Nahawa a watan Maris. A 2011 Tafawa Ɓalewa ta sake kamawa, Hausawa da Fulanin garin suka fice, har gwamnatin Isa Yuguda ta mayar da hedkwatar ƙaramar hukumar Bununu. Zuwa wannan lokaci mutanen Bauchi sun saba da aikin. 'Yan agajin Jama'atu da na Izala da na Fityanu sun san yadda ake tarbar mota cike da masu rauni. Red Cross ta san makarantun da ake buɗewa. Matan FOMWAN suna tara zannuwa da tukwane, coci-coci suna tara nasu. Mai unguwa ya san gidan da ke da ɗakin zaure da ba kowa, da kangon da mai shi zai yarda a yi wa rufi.

Wannan sabo ne ya ceci dubban rayuka da babbar guguwar ta zo daga gabas. Abin lura, a Bauchi aka fara jin harbin farko na tarzomar Boko Haram. Da asubahin 26 ga Yulin 2009 mabiya Muhammad Yusuf suka far wa ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi, cikin kwana huɗu abin ya kai Potiskum da Wudil da Maiduguri. Ranar 7 ga Satumban 2010 aka fasa gidan yarin Bauchi, fursunoni sama da 700 suka fita. An sa bam a barikin Shadawanka a Mayun 2011, an kai hari coci a Yelwan Bauchi a Yunin 2012, an tayar da bam a Babbar Kasuwa a Disamban 2014, Azare ma ta sha nata. Garin bai tsira ba. Sai dai idan aka kwatanta da Borno, Bauchi wuri ne da mutum zai iya kwanciya ya yi barci. Da Shugaba Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a ranar 14 ga Mayun 2013, Borno da Yobe da Adamawa ta shafa, ba ta haɗa da Bauchi ba.

Daga 2014 garuruwa suka riƙa faɗawa hannun Boko Haram ɗaya bayan ɗaya: Gwoza da Gamborun Ngala a Agusta, Bama a Satumba, Mubi a ƙarshen Oktoba, Baga a farkon Janairun 2015. Mutanen bakin iyaka suka kasu biyu. Waɗanda suka sami hanyar yamma suka nufi Maiduguri da Yola da Gombe da Bauchi. Waɗanda aka tare wa hanya suka tsallaka Kamaru da Nijar da Chadi, suka zama 'yan gudun hijira na dokar duniya, masu haƙƙi a ƙarƙashin yarjejeniyar 1951 da ta ƙasashen Afirka ta 1969. Babban ginshiƙin yarjejeniyoyin nan shi ne kada a mayar da mai neman mafaka inda ransa ke cikin haɗari.

An taka wannan ginshiƙi, an kuma sake takawa. Bayan harin tsibirin Karamga a Afrilun 2015, hukumomin Nijar suka umarci mazauna tsibiran Tafkin Chadi su fice. Dubban mutane suka yi kwanaki suna tafiya a ƙasa cikin zafin bazara, wasu suka mutu da ƙishirwa, aka kwaso 'yan Nijeriyan cikinsu aka sauke a Gaidam, inda NEMA ta zuba su a motoci zuwa jihohinsu na asali, har da waɗanda suka shekara da shekaru suna su a tafkin ba su san kowa a can ba. Kamaru, wadda ta buɗe sansanin Minawao a 2013, ta riƙa loda mutane a manyan motoci tana saukewa a Sahuda kusa da Mubi, da Banki, da Gamboru. A Satumban 2017 Human Rights Watch ta ce waɗanda aka koro tun 2015 sun kai 100,000, alhali a ranar 2 ga Maris na wannan shekarar Nijeriya da Kamaru da hukumar UNHCR sun sa hannu cewa ba za a mayar da kowa ba sai da son ransa. A Janairun 2019 aka sake koro dubban mutanen Rann da suka tsallaka bayan an ƙona garinsu. Ba a musun cewa Kamaru da Nijar suna fama da 'yan ƙunar baƙin wake a kasuwanninsu. Amma tsoro bai halatta mayar da mai goyo bakin bindigar da ta guje wa ba.

Wanda aka sauke a Sahuda ko Gaidam ba gida ya dawo ba, domin gidan yana hannun maharan ko ya zama toka. Wasu sun shiga sansanonin Yola, inda bam ya tashi a sansanin Malkohi a Satumban 2015. Wasu suka ci gaba da tafiya har inda suke da ɗan'uwa, ko abokin ciniki, ko tsohon malami. Ta haka iyakar Kamaru da ta Nijar suka iso Bauchi, a bayan tirela da motar itace. Kanuri da Shuwa da Marghi da mutanen Gwoza suka bazu a unguwannin bayan ganuwa da ƙauyukan kewaye irin su Rindebin. Maza suka shiga dako a kasuwar Muda Lawal, da acaɓa, da ƙwadago a gonakin mutane. Mata suka kama ɗinkin hula da wankau da surfe.

Hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ta fara ƙidayar waɗanda rikicin ya raba da gidajensu a ƙarshen 2014, Bauchi tana cikin jihohin da aka fara da su. Adadin arewa maso gabas ya haura miliyan 2 a 2015. Na Bauchi ya daɗe yana sama da 60,000, kuma fiye da tara cikin goma ba a sansani suke ba, a cikin jama'a suke. Wannan abin alfahari ne, ina kuma faɗinsa da alfahari. Mutumin da ke zaune a cikin unguwa yana zuwa masallaci ko coci da maƙwabta, 'ya'yansa suna wasa da nasu, ba ya jiran izinin mai gadi kafin ya fita neman abinci. Mutuncinsa ya fi na wanda aka killace a bayan waya.

Sai dai wannan karamci ya zama dalilin da aka manta da su. Tsarin agajin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekara-shekara ya tattara ne a Borno da Adamawa da Yobe, can ne ofisoshi da jiragen sama da rumbunan abinci suke. Akwai hujja, domin can ne yunwa ta fi kisa. Amma sansani ana ganinsa, ana ɗaukar hotonsa, ana kai baƙi su zagaya. Mutum goma sha biyu da ke kwana a ɗaki biyu na wani tela a Bauchi ba su da allo a ƙofa. Telan ne ya ciyar da su, shi ya biya kuɗin asibiti, babu kuma wani rahoto da ya lissafa abin da ya kashe. Asusun tallafi na Janar T. Y. Danjuma da aka kafa a 2014, da hukumar raya arewa maso gabas ta NEDC da aka yi wa doka a 2017, da ma'aikatar jinƙai ta 2019, da hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA, duk sun kawo wani abu, ba a ce ba su kawo ba. Galibinsa rabon kaya ne na yini guda. Ko a Mayun 2024, da aka ƙaddamar da tsare-tsaren jihohi na tsugunar da 'yan gudun hijira dindindin, Borno da Adamawa da Yobe da Binuwai ne a ciki. Da Amurka ta dakatar da tallafinta a farkon 2025, har waɗanda ake gani ɗin ma rabonsu ya ragu.

Ta fuskar doka ma tafiyar hawainiya aka yi. Ƙasashen Afirka sun amince da yarjejeniyar Kampala a Oktoban 2009, wadda ta ɗora wa gwamnati nauyin wanda ya rasa matsuguni a cikin ƙasarsa, ta kuma ba shi zaɓi uku: ya koma gida, ko ya zauna inda ya sami mafaka, ko ya nemi wani wuri. Nijeriya ta tabbatar da amincewarta a 2012, aka shafe fiye da shekara goma ba ta zama dokar cikin gida ba. Manufar ƙasa kan 'yan gudun hijirar cikin gida sai a 2021 majalisar zartarwa ta amince da ita. Duk tsawon lokacin nan maganar hukuma ɗaya ce, wato za su koma. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, a kan wannan zato aka gina komai. Amma yarinyar da aka goyo daga Yelwan Shendam a 2004 yau matar aure ce da 'ya'yanta. Yaron da aka haifa a Bauchi a 2015 bai taɓa ganin Bama ba, Hausar Bauchi ce a bakinsa.

A nan ne iyaka ta ƙarshe take, ba kuma a Sahuda take ba, a sakatariyar ƙaramar hukuma take. Takardar shaidar ɗan asali ita ce mabuɗin gurbin karatu, da tallafin karatu na jiha, da shiga soja ko ɗan sanda, da aikin gwamnati. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama inda ya so, sashe na 42 ya hana nuna masa bambanci saboda asalinsa, amma a aikace ana tambayar garin kakansa. Wannan tambaya ce ta ƙona Jos: wa ke da gari, wa ya zo cin arziki. Mutumin da aka kora daga Filato don an ce shi ba ɗan ƙasa ba ne, bai kamata ya tarar da tambayar tana jiran jikansa a Bauchi ba. Wasu sun sami takardar ta hannun mai unguwa da hakimi da suka tsaya musu, Allah ya saka musu. Wasu kuma sai an tura su ƙaramar hukumar da ba su da ko kango a cikinta. Abin da ya rataya a kan alfarma, ranar da mai alfarmar ya kau shi ke nan.

Talakawan Bauchi sun yi nasu tun 1991, da ɗakunansu da tukwanensu, ba tare da an roƙe su ba. Saura Majalisar Dokokin Jiha da Gwamnatin Bauchi da masarautu. A yi doka bayyananniya wadda za ta ba duk wanda aka haifa a jihar, ko ya zauna shekarun da aka ƙayyade, cikakken haƙƙin karatu da aiki da mallakar fili. A ba waɗanda aka tsugunar a filayen bayan gari takardun filayensu. A kuma sa unguwannin da suka ɗauki baƙi a gaba wajen rabon azuzuwa da rijiyoyin burtsatse da ɗakunan shan magani, domin su ne suka biya kuɗin wannan hijira daga aljihunsu.