Ɓawon Itacen Wilo da Ƙwayoyin Cuta

Wilo itace ne na dangin Salix, mai son bakin rafi da fadama, ya fi yawa a ƙasashe masu sanyi na Turai, Asiya da Arewacin Amurka. An daɗe ana shan sassaƙensa don zazzaɓi da ciwon jiki. A 1763 wani limamin coci a Ingila, Edward Stone, ya kai wa ƙungiyar masana ta Royal Society rahoton yadda garin ɓawon ya sauƙaƙa wa masu zazzaɓi. A 1828 Johann Buchner ya ware sinadarin salisin daga ɓawon a Munich, kuma wannan layin bincike ne ya kai ga asfirin, wanda Felix Hoffmann ya haɗa a kamfanin Bayer a 1897.

Batun kashe ƙwayoyin cuta daban yake. Ana busar da ɓawon, a niƙa, a jiƙa shi cikin ruwan zafi ko sinadarin etanol, a tace. Sai a ɗiga ruwan a faranti da aka shuka bakteriya a ciki, a bar shi ya kwana cikin ɗumi; in yana da ƙarfi, za a ga da'ira fayau inda ƙwayar ta kasa tsiro. Gwaje-gwaje irin wannan sun nuna yana hana Staphylococcus aureus yaɗuwa, ƙwayar da ke haddasa maruru, kuma galibi tasirinsa kan E. coli bai kai haka ba. Masu bincike a Finland, ciki har da na Jami'ar Jyväskylä, sun wallafa a 2021 da 2023 cewa jiƙon ruwan zafi ya raunana wasu ƙwayoyin bairos, har da na dangin korona.

Salisin, duk da sunan da ya yi, ba shi ne jigon wannan aiki ba. An fi danganta shi da haɗuwar sinadarai masu bauri, musamman tanin, wanda shi ne ke sa majema jima fata da bagaruwa. Yawansu kuwa ya dogara da irin itacen, shekarunsa da lokacin sassaƙa, shi ya sa sakamako ke saɓawa.

Kusan duk hujjojin nan daga ɗakin gwaji suke, ba daga jikin marasa lafiya ba. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta san ɓawon ne a matsayin maganin ciwon baya, ciwon gaɓoɓi, ciwon kai da zazzaɓin mura. Ba a ba yara shi, haka wanda jikinsa ba ya karɓar asfirin.