Alkawari Kaya Ne: Usulan Mulkin Amurka da Farkon Neman Haƙƙin Bayi

A ranar 4 ga Yuli 1776, wakilan yankuna 13 na Amurka ta Arewa, waɗanda har zuwa lokacin talakawan Sarkin Ingila George na Uku ne, suka amince a birnin Filadelfiya da wata takarda wadda Thomas Jefferson, wani lauya mutumin Virginia mai shekara 33, ya tsara daftarinta. Kuma ko da yake mafi yawan abin da ke cikinta lissafin laifuffukan Sarki ne, muƙaddimarta ce ta wanzu a bakin duniya, domin a nan suka yi iƙirari cewa an halicci mutane duka daidai, cewa Mahalicci ya ba su haƙƙin rai da na 'yanci da na neman jin daɗi waɗanda babu mai ikon ƙwace musu, cewa kuma hukuma ba ta samun halacci sai da yardar waɗanda take mulka, in ta zalunce su kuwa suna da damar tuɓe ta. Ba su ne suka ƙago wannan ra'ayi ba, gama John Locke na Ingila ya riga su da kusan shekara 90. Abin da ya zama sabo shi ne a ɗauke shi daga littattafan hukama a mai da shi harsashin daula.

Sai dai wanda ya rubuta kalmomin nan ya mallaki bayi fiye da 600 a tsawon rayuwarsa. Ya dai sa wani sashe a daftarin yana la'antar fataucin bayi, yana ɗora alhakinsa a kan Sarki, amma majalisar ta soke shi, kuma shi da kansa ya ce an yi haka ne don a faranta wa South Carolina da Georgia.

Da aka koma Filadelfiya a 1787 don tsara dokokin ƙasa, James Madison da abokansa, waɗanda babu abin da suke tsoro kamar iko ya taru a hannu guda, suka bi shawarar Montesquieu na Faransa suka raba mulki uku, masu yin doka da mai zartarwa da alƙalai, kowane yana tsare ɗan'uwansa. A 1791 kuma aka ƙara gyare-gyare 10 masu kare addini da magana da shari'ar adalci. Wannan aiki ne na hikima, babu musu. Amma a cikin wannan kundi ɗin, wanda marubutansa suka ji kunyar ambaton kalmar bawa ko sau ɗaya, aka yi wa masu gandaye rangwame uku: an hana majalisa haramta shigo da bayi kafin 1808, an wajabta mayar da bawan da ya gudu ga ubangidansa ko da ya shiga jihar da babu bauta, sa'an nan aka ce wajen raba kujerun majalisa za a ƙirga kowane bayi 5 a matsayin mutum 3. Wannan na uku shi ya fi ɓarna, domin bawa ba ya jefa ƙuri'a, sai dai a ƙirga kansa kamar yadda ake ƙirga shanu ranar jangali, a miƙa wa mai shi nauyinsa a majalisa, har ya zamana duk wanda aka ƙara ɗaurewa ya ƙara wa maɗaurinsa ƙarfi. Ƙidayar 1790 ta sami bayi kusan 700,000 cikin mutane miliyan 3.9, kuma a cikin shekaru 36 na farkon shugabancin ƙasar, 32 masu bayi ne daga Virginia ke kan kujerar shugabanci.

Abin da masu dokar ba su lissafa ba shi ne cewa waɗanda ke zuba musu abinci suna da kunne. A garin Sheffield na Massachusetts akwai wata baiwa a gidan Kanar John Ashley, ana ce mata Bett, wadda ba ta iya karatu ba. An ruwaito cewa wata rana uwargidan ta ɗaga shebur mai zafi za ta bugi wata yarinya, sai Bett ta tare da hannunta, ta ƙone ƙwarai, ta kuwa ƙi rufe raunin, domin duk baƙon da ya tambaye ta abin da ya same ta ta ce ya tambayi uwargida. Da ta ji ana karanta sabon tsarin mulkin jihar na 1780, wanda ya ce an haifi mutane duka 'ya'ya kuma daidai, sai ta tafi wurin lauya Theodore Sedgwick da hujja guda, cewa ita ma mutum ce. A watan Agusta 1781 kotu ta 'yanta ta tare da wani bawa mai suna Brom, ta ci Ashley diyyar sule 30. Ta raɗa wa kanta suna Elizabeth Freeman, kuma kafin 1783 ta ƙare, shari'ar wani bawa mai suna Quock Walker ta karya bauta a jihar.

Ko ɗalibin usulul fiƙhu zai gane irin wannan hujja, wato a kama abokin jayayya da lafazinsa na umumi, a ce masa ya kawo dalilin togaciya in yana da shi. Da ita Benjamin Banneker, wani baƙar fata ɗa daga Maryland, masanin hisabi da ilmin taurari, ya tunkari Jefferson kansa a wasiƙar da ya aika masa a watan Agusta 1791 tare da jadawalin taurarin da ya lissafa da hannunsa, yana tuna masa da ladabi abin da ya rubuta sa'ad da Ingila ke danne shi, yana tambayar yadda hakan zai haɗu da riƙe 'yan'uwansa cikin ƙangi. Jefferson ya amsa da taushin harshe, ya aika da jadawalin ga wani masani mai suna Condorcet a Faris, bai kuwa amsa ainihin tambayar ba.

Da yawa cikin dattawan 1787 sun zaci bauta za ta mutu da kanta, sai injin gurzar auduga na Eli Whitney ya fito a 1793 ya ƙaryata zaton, har yawan bayi ya kusa miliyan 4 a 1860. A nan masu adawa da bauta suka yi saɓani. William Lloyd Garrison ya ga kundin 1787 yarjejeniya ce da zalunci tun asali, har ya ƙone shi a bainar jama'a ranar 4 ga Yuli 1854. Frederick Douglass kuwa, wanda ya gudo daga bauta a Maryland a 1838, kuma ya fara tashi a kan mazhabar Garrison, ya bar ta a 1851, ya ce a riƙi zahirin nassi a bar niyyar marubuta, tun da nassin bai kira kowa dukiya ba. A ganina Garrison ya fi daidai wajen tarihi, Douglass ya fi shi basira wajen yaƙi, domin wanda ya ƙone takardar alkawari ya sauke wa mai alkawarin kayansa. Babban Alƙali Roger Taney ya ɗauki akasin matsayin Douglass a shari'ar Dred Scott ta 1857, ya hukunta cewa baƙar fata, bawa ko ɗa, ba ɗan ƙasa ba ne, ba a kuma nufe shi da lafazin 1776 ba.

Abin da alƙalami ya kasa rabawa, takobi ya raba shi a yaƙin basasa tsakanin jihohin Arewa da na Kudu daga 1861 zuwa 1865, bayan an rasa rayuka fiye da 600,000. Cikin baƙaƙen da suka yi wa Arewa soja har da Muhammadu Ali ɗan Sa'idu, haifaffen Kukawa ta Barno, wanda aka sani da Nicholas Said, ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts a 1863. Gyara na 13 na tsarin mulki ya soke bauta a 1865. Na 14 ya shafe hukuncin Taney da lissafin 3 cikin 5 a 1868. Na 15 ya hana a tauye ƙuri'ar mutum saboda launinsa a 1870. Amma jihohin Kudu suka ɓullo da harajin zaɓe da jarrabawar karatu, Kotun Ƙoli ta halatta wariya a 1896, kuma galibin jikokin bayi a can ba su sami jefa ƙuri'a ba sai bayan dokar zaɓe ta 1965.