Garmaho: Yadda ake ɗaura allura da daidaita hannunta

Faifan garmaho ya sake samun karɓuwa a duniya. A shekarar 2022, yawan fayafayan garmaho da aka sayar a Amurka ya zarce na CD, karo na farko tun 1987.

Sai dai masana sun daɗe suna gargaɗin cewa kuskuren milimita ɗaya ko biyu wajen ɗaura allura na iya dusashe sauti, sa'annan a hankali ya cinye faifan kansa.

Wannan lamari ne mai muhimmanci ga gidajen rediyo da mutanen da suka adana tsofaffin fayafayai, irin na Alhaji Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos, domin tsagar da allura ta ci ba ta gyaruwa.

Tushen matsalar

A lokacin da ake yanka faifai na asali, wuƙar da ke zana tsagar sauti tana tafiya ne a kan miƙaƙƙen layi, daga bakin faifan zuwa tsakiyarsa.

Amma hannun yawancin garmaho a kafe yake a wuri ɗaya, saboda haka allurar da ke bakinsa tana tafiya ne a lanƙwashe, kamar baka.

Wannan bambanci kan sa allurar ta ɗan karkace daga inda tsagar ta fuskanta. Idan karkatar ta yi yawa, sai sauti ya riƙa kakkarcewa, musamman muryoyi masu kaifi.

Matsalar ta fi tsanani a kusa da tsakiya. A kan faifai mai faɗin inci 12 da ke juyawa sau 33 da sulusi a minti guda, tsagar tana wucewa ƙarƙashin allura da gudun kimanin santimita 50 a daƙiƙa a bakin faifan, amma kusa da tsakiya gudun kan ragu zuwa kimanin santimita 21.

Ma'ana, sautin ya fi cunkushewa a can, kuma shi ya sa waƙar ƙarshe a kowace fuska ita ce ke fara nuna alamar rashin daidaito.

Ma'aunin gidan allura

Allurar tana manne ne da wani ɗan akwati da ke mayar da motsinta zuwa lantarki, wato gidan allura.

Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne na rabin inci. Ana ɗaure gidan allurar da ƙananan noti biyu, kuma tazarar da ke tsakanin ramukansu milimita 12.7 ce.

A mariƙin da ke bakin hannun garmaho, ramukan dogaye ne, domin a iya tura gidan allurar gaba ko baya, ko kuma a ɗan murɗa shi.

A bayansa akwai wayoyi huɗu. Fara da shuɗiya na ɓangaren hagu ne, ja da koriya kuma na ɓangaren dama.

Akwai tsari na biyu da ake kira T4P, wanda kamfanin Technics na Japan ya fito da shi, ya kuma yaɗu a shekarun 1980.

A wannan tsari ana cusa gidan allurar kai tsaye a bakin hannu, a ɗaure shi da noti guda. An ƙayyade nauyinsa a kan giram 6, dannin allurar kuma giram 1.25, don haka babu abin da ya rage wa mai shi ya daidaita.

Sauƙin nasa shi ne kuma iyakarsa, domin wanda ke son gyara wani abu ba shi da dama.

Ma'aunai uku na hannu

Ma'aunai uku ne ke tantance yadda allura za ta zauna a cikin tsaga.

Na farko shi ne tsawon hannun, daga wurin da yake juyawa zuwa tsinin allura.

Na biyu shi ne zarcewa, wato tazarar da tsinin allura ke yi gaba da sandar tsakiyar faranti idan aka kai hannun kanta.

Na uku kuma shi ne kusurwar da gidan allura ke yi zuwa ciki, wadda ita ce dalilin da ya sa ake lanƙwasa hannun wasu garmaho.

Alal misali, a garmahon Technics SL-1200MK2 wanda ya fito a 1979, tsawon hannun milimita 230 ne, zarcewar milimita 15, kusurwar kuma digiri 22.

Kamfanin ya sauƙaƙa aikin da wani ɗan ma'aunin roba, wanda ke sanya tsinin allura a milimita 52 daga gindin mariƙinsa.

Wurare biyu kawai

Komai ƙwarewar mai daidaitawa, hannun da ke kafe a wuri ɗaya ba zai iya daidaita sosai da tsaga ba sai a wurare biyu a kan faifan.

Tambayar ita ce a ina ya kamata wuraren biyu su kasance, kuma a nan ne masana suka sha bamban.

Erik Löfgren ɗan ƙasar Suwidin ya wallafa lissafinsa a 1938, sa'annan H.G. Baerwald ya fitar da nasa a Amurka a 1941, inda ya cimma irin wannan sakamako.

A tsarin da aka fi sani da sunan Baerwald, wuraren biyu suna nisan milimita 66 da kuma milimita 120.9 daga tsakiyar faifai. Manufarsa ita ce a raba kuskuren daidai wa daida tsakanin farko da tsakiya da ƙarshe.

Tsari na biyu na Löfgren ya sanya su a milimita 70.3 da 116.6. Wannan yana rage jimillar kuskuren a faɗin faifan, amma yakan ƙara shi a farko da ƙarshe.

A 1966 kuma J.K. Stevenson ya ba da shawarar a kai wuri na ciki har ƙarshen tsagar, kimanin milimita 60.3, na waje kuma ya kasance a 117.4.

Masu sauraron kaɗe-kaɗen da ke ƙarewa da amo mai ƙarfi kan fi son wannan, tun da yana kare ƙarshen faifan.

A hannu mai tsawon inci 9 da aka daidaita sosai, karkatar ba ta cika wuce kimanin digiri 2 ba. Hannu mai inci 12 yana rage ta, haka ma garmahon da hannunsa ke tafiya a miƙe kamar wuƙar yankan faifai.

Yadda ake aikin

Ana amfani da wata takardar awo mai rami, wadda ake sakawa a sandar tsakiya bayan an kashe garmahon.

Ana ɗan sassauta notin, a sauke allura a kan ɗigo na farko, a duba ko gidan allurar ya yi daidai da layukan da aka zana. Daga nan sai a koma ɗigo na biyu.

Idan ya daidaita a ɗaya bai daidaita a ɗayan ba, to zarcewar ce ba ta yi ba, sai a matsar da shi gaba ko baya a sake gwadawa. Sai an samu daidaito a wuraren biyu ake ɗaure notin.

Bayan haka sai a daidaita danni da ƙarfen nauyin da ke bayan hannu. Yawancin allurai na buƙatar giram 1.5 zuwa 2.5, kuma kowane kamfani na bayyana abin da tasa ke buƙata.

Mutane da dama kan rage dannin da nufin tausaya wa faifai, alhali allurar da ba ta da isasshen danni takan riƙa tsalle tana bugun bangon tsaga, abin da ke jawo ɓarna.

Akwai kuma wani ƙarfi da ke jan hannun zuwa tsakiya yayin da faifai ke juyawa. Garmaho da yawa na da maɓallin da ke magance shi, kuma bisa al'ada ana sa shi a lamba ɗaya da ta danni.

Daga ƙarshe ana duba cewa hannun ya kwanta daidai da fuskar faifai, sa'annan allurar ta tsaya cak ba ta jirkice hagu ko dama ba.

Tsofaffin fayafayai

Fayafayan da ke juyawa sau 78 a minti suna da tsaga mai faɗi, don haka allurarsu daban ce, kuma kaurin tsininta ya ninka na allurar zamani kusan sau huɗu.

Allurar da ta tsufa ma tana cin faifai ko da an daidaita komai, kuma galibi ana ba da shawarar sauya ta bayan awa 500 zuwa 1,000 na aiki.

Ga wanda ke riƙe da faifan da ba shi da na biyu, abin da ya fi dacewa shi ne ya fara gwada daidaiton a kan faifan da ba ya jin asararsa, kafin ya ɗora allura a kan mai darajar, ya kuma naɗi sautin a kwamfuta tun a juyin farko.