Tarihin Shan Inna a Birnin Sakkwato

Tsokar da ke motsa ƙafa ko hannu umarni take jira daga wasu ƙwayoyin jijiya da ke cikin laka, wato farar igiyar da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta ratsa ƙashin baya. Idan saƙo ya iso mahaɗar jijiya da tsoka, jijiyar kan saki wani sinadari mai suna asetilkolin, wanda ke sa kalsiyam ya bazu a cikin tsokar, sai siraran zaruruwanta iri biyu, aktin da mayosin, su sarƙe su ja juna, tsokar ta tsuke ta ja ƙashin da take ɗaure da shi. Duk abin da ya yanke wannan hanya yakan kashe motsi ko da tsokar lafiyarta ƙalau, kuma a tarihin ƙasar Hausa ciwon da ya fi shahara da yanke ta a jikin ƙananan yara shi ne shan inna.

Ƙwayar cutar ta baki take shiga, cikin ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata, ta hayayyafa a hanji, kuma yawancin yaran da suka kamu ba sa nuna wata alama. A cikin kamar mutum 200, ɗaya ne take kaiwa ga lakarsa ta hallaka jijiyoyin motsi, sai ƙafa ta saki cikin 'yan kwanaki bayan zazzaɓi. Jijiyoyin ji ba ta taɓa su, shi ya sa yaron yana jin tsini da zafi a ƙafar da ya kasa ɗagawa. Tsokar da ta daina samun umarni takan ƙanƙance a hankali, tsokokin da suka tsira su rinjaye ta su lanƙwasa gwiwa ko idon sawu, idan kuwa abin ya kai ga tsokokin numfashi, rai na iya salwanta.

Mutanen da, waɗanda suka ga ƙafa tana bushewa ba rauni ba kumburi, sun jingina abin ga Inna, ko Doguwa, babbar iska a cikin bori, wadda aka yi imani tana shanye gaɓar yaro, don haka wurin boka da 'yan bori ake nufa domin hayaƙi da sassaƙe. Jihadin 1804 ya ƙi wannan fahimta ta fuskar aƙida. Muhammadu Bello, wanda ya kafa birnin Sakkwato a 1809, ya yi rubuce-rubuce a kan ilimin magani, ƙanwarsa Nana Asma'u kuma ta horar da 'yan taru domin su janye mata daga bori zuwa addu'a da maganin Musulunci. Sai dai rubutun sha da tofi, kamar hayaƙin boka, ba su iya mayar da jijiyar da ta mutu, saboda haka sunan Inna ya ci gaba da bin ciwon, waɗanda suka nakasa kuma al'umma ta tsara musu zama a ƙarƙashin Sarkin Guragu, da sadaka a matsayin babbar hanyar abinci.

Allurar Jonas Salk ta fito a 1955, ɗigon baki na Albert Sabin ya biyo baya a farkon shekarun 1960, amma sai a 1988 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙuduri kawar da cutar, lokacin da take nakasa yara kusan 350,000 a shekara. A Arewa aikin ya ci karo da rashin yarda, kuma rashin yardar yana da dalili, domin gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano a 1996 bai bar zukata ba, iyaye kuma suna tambayar abin da ya sa ake bin su gida-gida da ɗigo kyauta alhali maganin zazzaɓin cizon sauro sai an saya. A 2003 jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin bisa zargin yana hana haihuwa, Kano ba ta koma ba sai Yulin 2004, kuma a 2006 Nijeriya ta ƙirga yara fiye da 1,100 da suka shanye.

A nan ne Sakkwato ta taka rawar da tarihinta ya tanadar mata. Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, wanda ya hau karaga a Nuwamban 2006, ya ɗiga wa yara maganin da hannunsa a bainar jama'a, a 2009 kuma aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a ƙarƙashin inuwarsa, ta yadda saƙo yake sauka daga fada zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa wanda ya san kowane gida da maigidansa. Alƙaluman ƙasa sun faɗo daga kusan 800 a 2008 zuwa 21 a 2010. A Nijeriya an ga ƙwayar daji, wato asalin ƙwayar cutar, ta ƙarshe a Borno a 2016, aka kuma ayyana Afirka ta rabu da ita ranar 25 ga Agusta, 2020.

Duk da haka wani nau'i da ke rikiɗa daga raunanniyar ƙwayar ɗigon, a wuraren da yara da yawa ba su samu rigakafi ba, yana nan yana yawo a Sakkwato da Zamfara da Kebbi da Katsina, musamman inda 'yan bindiga suka tare hanya, tun 2012 kuma ake ɗibar ruwan lambatun birnin Sakkwato ana bincike. Waɗanda kuma aka fi mantawa da su su ne manyan da suka shanye tun suna yara, masu tuƙa keken guragu da ƙarfin damtse, domin bayan shekara 15 zuwa 40 jijiyoyin da suka ɗauki aikin matattun kan gaji, rauni ya dawo sabo, ga shi masu gashin ƙashi da masu ƙera takalmin ƙarfe sun taru a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, nesa da mafi yawan masu buƙatarsu.