Ƙwayoyin Opiyod, Halin Unguwa da Mace-macen Korona a Amurka

Lokacin da korona ta shiga Amurka a farkon 2020, ta tarar da wata annobar ta riga ta shimfiɗa tabarma. Tun da kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin a 1996, ƙwayoyin kashe raɗaɗi dangin opiyom suka mamaye garuruwan haƙar kwal na yankin Apalaciya. Hiroyin ta biyo baya, sannan fentanil. Alƙaluman hukumar CDC sun nuna mutum kimanin 70,600 ƙwaya ta kashe a 2019, kusan 92,000 a 2020, sama da 106,000 a 2021, akasarinsu ta hanyar opiyod.

Annobobin biyu a numfashi suka haɗu. Opiyod na danne sashen ƙwaƙwalwa da ke sarrafa numfashi, korona kuwa huhu take kamawa. A 2020 mujallar Molecular Psychiatry ta buga binciken Wang da abokan aikinsa, cikinsu har da Nora Volkow, wanda ya tantance bayanan asibiti na mutum fiye da miliyan 73. Cikin masu koronar da ke fama da shaye-shaye, kashi 9.6 cikin ɗari sun rasu, alhali a jimillar masu cutar kashi 6.6 ne.

Adadin da ya fi ɗaukar hankali yana gaba. A cikin masu shaye-shayen kansu, baƙaƙen fata kashi 13 suka rasu, farare kuwa 8.6. Jaraba iri ɗaya, cuta iri ɗaya, sakamako ya bambanta. Dole a leƙa unguwa: cunkoson ɗaki, rashin inshorar lafiya, ciwon suga da hawan jini da ba a kula da su ba, da aikin da ba ya yiwuwa daga gida.

Kullen korona ma ya yi tasa ɓarnar. Mai karɓar metadon, maganin jarabar opiyod, ya saba sammako kullum, ya bi layi, ya shanye ɗan kofinsa a gaban ma'aikaciyar jinya. A Maris 2020 hukumar SAMHSA ta yarda a ba waɗanda suka natsu maganin kwana 28 su tafi da shi gida, kuma wannan hangen nesa ne. Amma wanda ya sha fentanil shi kaɗai a ɗaki, babu mai fesa masa nalokson a hanci idan numfashinsa ya tsaya. Jihar West Virginia ce ta fi kowace jin jiki da mace-macen ƙwaya a waɗannan shekarun, idan aka kwatanta da yawan jama'arta.

Akwai buƙatar taka-tsantsan wajen karanta alƙaluman gundumomi. Don gunduma ta yi yawan ƙwaya da yawan mamatan korona, ba lallai mutanen ɗaya ba ne. Sau da yawa talauci ne ke ciyar da matsalolin biyu. Saboda haka duk shirin tunkarar annoba da bai tanadi maganin jaraba da asibitin kusa da talaka ba, an tsara shi da giɓi tun daga tushe.