Kofin da Aka Ci da Bashi

Ranar 17 ga watan Mayu na shekarar 2008, a filin Wembley na birnin Landan, Nwankwo Kanu ya jefa ƙwallo ɗaya tilo a ragar Cardiff, ƙungiyar Portsmouth ta ɗauki kofin FA, wanda rabonta da shi tun 1939. Matasan da ke cika gidajen kallo daga Birnin Ƙonni zuwa Tajaye da Illela sun ga ɗan Afirka ya ɗaga kofin Turawa. Abin da allon talabijin bai nuna musu ba shi ne littafin lissafin ƙungiyar. Kafin shekara biyu ta cika, Portsmouth ta kasa biyan albashi a kan lokaci, a watan Fabrairun 2010 kuma aka damƙa ta ga masu kula da dukiyar wanda ya karye. Ita ce ta farko da hakan ta sama a gasar Firimiya.

Manomin albasa na Galmi zai fahimci wannan labari ba tare da tafinta ba. Ya san mutumin da kan ci bashi a kan amfanin gonarsa tun yana tsaye, ya kashe kuɗin, sannan ya zauna yana roƙon Allah kada farashi ya karye ranar cirar albasa. Tarihin kuɗin ƙwallon Ingila a ƴan shekarun nan, tarihin irin wannan manomi ne.

Da can ba haka abin yake ba. Har zuwa 1961 akwai doka da ta hana a biya ɗan wasa fiye da fam 20 a mako. Da ƙungiyar ƴan wasa, a ƙarƙashin jagorancin Jimmy Hill, ta yi barazanar yajin aiki, aka soke dokar, Johnny Haynes na Fulham ya zama na farko da ya karɓi fam 100. Duk da haka, aljihun ƙungiya bai wuce abin da ƴan kallo suka biya a bakin ƙofa ba. Babban sauyi ya zo ne a 1992, sa'ad da manyan ƙungiyoyi suka ɓalle suka kafa gasar Firimiya, suka sayar da iznin nuna wasanninsu a talabijin a kan fam miliyan 304 na shekara biyar. Zuwa 2016, iznin shekara uku a cikin Birtaniya kaɗai ya haura fam biliyan 5. A 1995 kuma hukuncin Bosman ya ba ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare damar tafiya inda ya so kyauta, sai albashi ya zama makamin riƙe gwani.

Da kuɗi ya yawaita, faɗuwa daga gasar ta zama asara mai tsoratarwa, shugabanni suka fara kashe abin da bai shigo ba tukuna. Leeds United ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Kofin Zakarun Turai a 2001, a shekarar kuma ta ranto fam miliyan 60, ta jinginar da kuɗin tikitin shekaru masu zuwa. Da ta kasa komawa wannan gasa, sai ta shiga sayar da gwanayenta ɗaya bayan ɗaya. Ta faɗo daga Firimiya a 2004, ta gangara rukuni na uku a 2007, ba ta dawo sama ba sai 2020.

Akwai wani bashin da ya fi wannan ban mamaki. A 2005 iyalan Glazer na Amurka sun sayi Manchester United a kan kimanin fam miliyan 790, mafi yawansa rance, suka kuma ɗora nauyin biya a wuyan ƙungiyar da a lokacin ba a bin ta komai. Chelsea kuwa ubangida ta samu: Roman Abramovich ya saye ta a 2003, ya ranta mata kusan fam biliyan ɗaya da rabi. Da yaƙin Ukraine ya ɓarke a 2022, gwamnatin Birtaniya ta ƙaƙaba masa takunkumi, aka tilasta sayar da ƙungiyar cikin ƴan watanni.

Wannan dogaro da aljihu guda sananne ne a ƙasar Hausa. A Nijar, manyan ƙungiyoyi da yawa na soja ne, ko jandarma, ko duwan, ko kamfanonin gwamnati irin su Nigelec da Sonidep. Kano Pillars, wadda ta ci gasar Nijeriya a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta gwamnatin jiha ce. Ƙungiya irin wannan ba ta cika jin tsoron banki ba, amma tana jin tsoron kasafin kuɗi da sauyin shugabanni. Gwaninta kuwa fita yake yi: Ahmed Musa ya bar Pillars a 2010, Leicester ta saye shi daga CSKA Moscow a 2016 a kan kimanin fam miliyan 16. Ga shi kuma ɗan kuɗin shiga da saurayi ke biya a gidan kallo na Malbaza yana bin hanyar Canal+ ko SuperSport, wani kasonsa ya ƙare a albashin ƴan wasan Ingila.

Ingila ta yi ƙoƙarin sa linzami. An ƙayyade asarar ƙungiya a fam miliyan 105 cikin shekara uku, kuma a kakar 2023 zuwa 2024 an zaftare wa Everton da Nottingham Forest maki saboda wuce iyaka. Amma Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Portsmouth, bayan ta sake karyewa a 2012, ta faɗa rukuni na huɗu a 2013. Attajiran da suka yi ta miƙa wa juna ita duk sun watse. Waɗanda suka ceto ta a wannan shekara magoya bayanta ne, mutanen gari, da suka yi karo-karo suka saye ta da kuɗinsu.