Tarihin Sarƙewar Kwantam: Yadda Muhalli Ke Warwarewa da Ƙullawa

A shekarar 1935 ne Einstein da Podolsky da Rosen suka yi nuni da wani abin al'ajabi: ƙananan ƙwayoyin halitta biyu kan haɗu har ya zama ba a iya siffanta halin ɗaya sai tare da na ɗayar, komai nisan da ke tsakaninsu. A shekarar ce kuma Schrödinger ya raɗa wa lamarin suna. Mu kira shi sarƙewa. Ita ce jarin kwamfutar kwantam, wadda ke lissafi da kubit, wato ƙwayar bayaninta mafi ƙanƙanta.

Tun 1970 masanin Jamus Dieter Zeh ya bayyana cewa babu ƙwayar da ke zaune ita kaɗai. Zafi da haske da iska suna taɓa ta, suna kwashe sirrinta, sai halinta na kwantam ya dushe. Serge Haroche ya ga wannan dushewa a gwajinsa na Faris a 1996. A 2004 Yu da Eberly suka nuna cewa sarƙewa kan mutu ɗungurungum cikin ƙayyadadden lokaci.

Sai dai a 2002 Daniel Braun ya gano cewa kubit biyu da ba sa hulɗa da juna suna iya sarƙewa idan muhalli guda suke tarayya a kai. An tabbatar da irin wannan da gwaji a ƙasar Denmak a 2011. Daga nan masu ƙera kwamfutar suka daina dogara ga killace kubit kawai, suka shiga tsara muhallin kansa domin ya raya abin da a da yake kashewa.